Yadda Nake Kallon Abin Bakin Hanya, Daga Tsohon Tarago Zuwa Fankokin Lambar Rimi

Mu mutanen birnin Katsina ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, amma Katsina da Daura aka bar su da jaki da raƙumi, daga baya mota. Shi ya sa ranar da na hangi tarago zaune a gefen wata gona, babu dogo a ƙarƙashinsa, babu tasha a kusa, sai da na ji tsikar jikina ta tashi. A hanyar Funtuwa ne, na wuce Bakori da a-kori-kura cike da buhunan taki. Shekara ashirin da uku ke nan ina kai wa 'yan kasuwa kaya tsakanin Katsina, Daura, Kano da Funtuwa, kuma tun daga wannan rana nake ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ina rubuta abin da ido ya gane mini. Yaran da ke bina koyon tuƙi sukan tambaye ni yadda nake ganin abin da su ba sa gani, alhali kujera ɗaya ce tsakaninmu. To ga yadda abin yake.

Kafin komai, idon direba na kwalta ne, aronsa kawai kake yi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. In ka juya kai na sakan uku, ka yi tafiyar mita 66 a makance, ya fi rabin filin ƙwallo. A hanyar Daura wannan tazara ta isa akuya ta tsallaka, amalanke ya fito daga gona, ko yarinya mai tallan fura ta sauko kan titi. Don haka kallo ɗaya ake yi, kamar ƙiftawa. Kada ka tsaya tantance mene ne abin, ka dai riƙe alamar wurin: kuka ce, kwalbati ne, masallacin bakin hanya ne, ko ƙarfen sabis. Ka wuce abinka. Abin da ya shekara goma a zaune ba zai tashi don ka ba shi baya na minti biyu ba.

Da wuya na koyi wannan. Farkon ganina da manyan fankokin nan na Lambar Rimi masu samar da lantarki da iska a tsaye, ƙafata ce ta taka burki kafin hankalina ya ba ta izni. Ashe akwai daf a bayana ɗauke da hatsi. Direban ya danna hon, ya kauce ta hannun hagu, tayoyinsa suka ci ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Da ya wuce ne na ga samari huɗu zaune a saman kayan. Har yau in na tuna su sai na yi istigfari, don da Allah bai kiyaye ba, ni ne sanadi.

Saboda haka madubi ne farko, sannan sigina, sannan ka rage giya a hankali. Kada ka tsaya a kwana, ko kan gada, ko bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango ka da wuri ba. Tayoyi huɗun nan duka su sauka daga kwalta, ba biyu a sama biyu a ƙasa ba. Amma ka dubi ƙasar kafin ka sauka. Daga Mashi zuwa Daura yashi ne, yana iya haɗiye tayar baya har ka nemi masu turi, da damina kuma gefen hanyar Malumfashi da Bakori laka ce mai santsi. In da kaya a motar, ka ja burkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa weji. Ni na fi son in ƙara gaba kaɗan in tsaya gaban mai faci ko mai shayi, in yi sallama, in ce ga motata nan zan dawo, sannan in tako da ƙafa. Ka sami mai gadi, ka kuma sami wanda zai fara ba ka labari.

Wata maganar kuma ba ta wasa ba ce. Abin mamaki a gefen hanya daban, abin mamaki a tsakiyar hanya daban. Ɗanyen ganye da aka jera a kan kwalta alama ce mota ta lalace a gaba, sai ka rage gudu. Amma kututture ko duwatsu a gicciye a inda babu gari, wannan ba na kallo ba ne. Kowa ya san halin da hanyoyin yamma da kudancin jihar nan suka shiga a shekarun nan. Kafin ka kama hanya ka tambayi direbobin tasha waɗanda suka shigo da safe, su ne jaridar da ba ta kwana. Ni ba na tsayawa kallon komai a daji in la'asar ta yi sanyi, kome kyansa. Hantsi ne lokacina. Sai dai mai fita daga Katsina zuwa Daura da sassafe gabas ya nufa, rana na cikin idonsa, gara ya bar kallon sai a dawowa, ko ya jira ta ɗaga. Da tsakar rana kuma kawalwalniya kan sa ka ga tafki a kan kwalta, lokacin hunturu hazo kan mayar da rumbu ya zama kamar ɗaki. Ba duk abin da ka hango ba ne yake nan.

Mu koma kan taragon. Na ajiye mota gaban wani mai sayar da rake, na tako baya. Wani dattijo na zaune a inuwar bedi yana gyaran igiya. Ban nufi taragon kai tsaye ba, kuma kai ma kada ka yi. Duk abin da ka gani a bakin hanya da mai shi, ko da ya yi kama da yasasshe. Na yi sallama, na durƙusa, muka gaisa har da tambayar gida da gona.

"Baba, wucewa nake na ga abin nan, na ce bari in tambaya. Jirgi ya taɓa biyowa ta nan ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Daga ina kake, ɗana?"

"Daga Katsina, Baba."

"Ai na sani. Mutumin Funtuwa ba ya tsayawa don tarago."

Shi ya gaya mini cewa mai gonar ne ya saye shi a gwanjo, aka ɗauko shi a tirela, aka sauke shi a kan duwatsu huɗu, ya mayar da shi ma'ajiyar masara. Ya ce ɓera ba ya huda shi, gara ba ta cin sa, ɓarawo kuma sai ya sha wuya. Shi kansa dattijon ya yi leburanci a tashar Funtuwa yana saurayi, yana loda dilolin auduga. Da ban durƙusa na gaishe shi ba, da hoton tsatsa kawai zan koma da shi gida.

Abin da ya nuna mini, da wanda na ƙara koya daga baya, shi ne yadda ake karanta tarago. Da farko ka tabbata taragon ne ba kwantena ba, don yanzu kwantena ta cika gari, an mayar da ita shago da ofis, balle tun da aka buɗe tashar tsandauri, wato tashar sauke kwantenoni a kan tudu, a Funtuwa a 2024. Kwantena samanta a shafe yake, ƙofarta biyu a ƙarshe guda, kuma kowace kusurwa tana da dunƙulen ƙarfe mai huji inda ƙugiya ke kamawa. Taragon kaya kuwa rufinsa a ɗan lanƙwashe yake don ruwa ya zurare, ƙofarsa a tsakiyar gefe take, turawa ake yi ta zame a kan ƙarfe. Ka sunkuya ka dubi ƙasansa, za ka ga ƙashin bayansa, manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga wannan kai zuwa wancan, da wurin da ake sarƙafa shi da ɗan'uwansa a gaba da baya. Ko an cire ƙafafun, gurbinsu na nan.

Daga nan sai ka gane aikin da ya yi a rayuwarsa. Mai jerin tagogi na fasinja ne, in ka leƙa wataƙila ka ga sawun kujeru a daɓensa. Mai jiki a rufe ruf na buhu ne, gyaɗa, auduga, gishiri, siminti. Mai jiki da tsaga-tsaga don iska ta shiga na shanu ne, irin wanda ya riƙa kai dabbobin Arewa kudu. Mai kama da ganga a kwance na mai ne. Sannan ka zagaya a hankali kana duban ƙasan gefensa, nan ake liƙa ɗan farantin ƙarfe mai sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar, in masu kwasar ƙarfe ba su riga ka ba. A jikinsa kuma, ƙarƙashin tsatsa, sau da yawa ana iya karanta NRC, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955, da lambar taragon. Ka jiƙa tsumma ka goga a hankali, in mai wurin ya yarda, rubutun kan fito. Haka shi ma dogon kansa: in ka tsaya a inda tsohon layi ya ratsa titi a Funtuwa, ka dubi gefen ƙarfen, akan samu sunan maƙera da shekara a jikinsa, tun daga masana'anta aka fito da shi haka.

In ka yi sa'a ƙafafun na nan, to ka sa awo. Ni ina yawo da tef irin na tela saboda wannan. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, ƙafa uku da rabi. Sabon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435 ne. Bambancin ya kusa tsawon kamu ɗaya. Ma'anarsa, taragon nan na bakin gona, da 'yan'uwansa da ke jere suna tsatsa a tashoshi, ba za su hau sabon layi da ƙafafunsu na asali ba. Na daɗe a tsaye ranar da na fahimci wannan. Ka yi tunanin abin da ya ɗauki gyaɗar kakanninmu zuwa bakin teku, yau ga jirgi zai dawo ƙasar amma ba da shi ba.

Dalilin da ya sa suka zauna kuwa ba ɓoyayye ba ne. Farin 1973 ya daki noma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma daga amfanin gona, aka yi ta shimfiɗa kwalta, tirela ta karɓe lodin da jirgi ke ɗauka. Tirela na zuwa ƙofar sito, jirgi kuwa sai an kai masa. Ni direban mota ne, abincina daga wannan sauyi ya fito, amma ba zan ɓoye ba, duk ramin da na faɗa a hanyar Kano na san nauyin da ya kamata dogo ya ɗauka ne aka ɗora wa kwalta. Kuma a ganina, tarago ya ƙare da ajiyar masara ya fi masa daraja a kan a yanka shi da wuta a auna a sikeli.

Kada ka shiga ciki sai mai shi ya buɗe maka da hannunsa. Wanda aka yasar kuwa kada ka shiga sam. Daɓen na iya ruɓewa ya rufta da ƙafarka, zuma da rina na son irin wannan rufi, maciji na son sanyin ƙarƙashinsa, wani lokaci ma akwai bawan Allah da ya mayar da shi makwanci. Da rani ƙarfen kan yi zafin da zai saɓule tafin hannu. Kuma ko ƙusa kada ka ɗauka da sunan tsaraba. Kayan dogo na hukuma ne, ana kama mutane a kansu, kuma wanda ya same ka da guntun ƙarfe a bayan mota ba zai tsaya sauraron cewa sha'awa ce ta sa ba.

Fankokin Lambar Rimi kuwa, in ka fito daga Katsina ta hanyar Kano, bayan Batagarawa kafin Charanchi za ka fara hango su. Guda 37 ne, kowace an yi ta don ta ba da kilowat 275, jimla wajen megawat 10. Ka lura da abu biyu da mai saurin wucewa ba ya gani. Fukafukansu bibbiyu ne, ba uku-uku irin waɗanda ake nunawa a talabijin ba. Kuma akwai wayoyin ƙarfe da suka ɗaure kowace da ƙasa, don ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa ce, an yi su yadda za a iya kwantar da su a gyara a sake tayarwa. Saboda haka in ka ga wata a kwance, ba lallai faɗuwa ta yi ba. Tunanin aikin tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, kuma ya sha tsaiko, musamman bayan da aka sace wani injiniya Bafaranshe a garin Rimi a watan Disamba na 2012, wanda ya kuɓuta bayan kusan shekara guda. Ni duk wucewa nakan sa yaron mota ya ƙirga mini nawa ke juyawa, in rubuta. Ka tsaya daga bakin hanya ka kalla, kada ka ƙetare shinge. Lokacin hunturu, da iskar arewa ke kaɗawa, ya fi daɗin kallo.

Hanyar Daura tata baiwar daban ce, ba ta da hayaniya. Ka dubi gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore, shi a tuɓe yake kamar ya mutu, da rani kuma da kowa ya bushe sai ya yi ganye shar. Manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa gero rana, kuma ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi. Bayan kaka za ka ga harawa da karan dawa an ɗora su a cokulan bishiyoyi, nesa da bakin dabba, daga nesa sai ka ce sheƙar wani ƙaton tsuntsu. Dogon abin da aka saƙa da ciyawa aka rataye can sama kuwa amya ce, kada ka yi hayaƙi ko hayaniya a ƙarƙashinta. In kana da rabin yini, ka ratse ta Mani ka nemi wanda zai raka ka Durɓi ta Kusheyi. Tuddai ne da za ka ɗauka tarin ƙasa ne kawai, alhali kaburburan sarakunan farko na ƙasar Katsina ne, an haƙa wasu a 1907, aka sake a 1992. Ba a zuwa can kai tsaye, sai an bi ta hannun masu gari.

Sabon abin kallo a wannan hanya shi ne aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Tsawonsa kilomita 284, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Za ka ga doguwar ganuwar jar ƙasa ta ratsa gonaki a miƙe kamar an ja zare, da tarin tsakuwa, da ginshiƙan gada tsaye a fili. A nan sai ka ninka hattara, don tifofi kan fito daga hanyar burji ba sallama, ƙurarsu kuma tana rufe ido. A Daura kuma ga Jami'ar Sufuri, inda 'ya'yanmu ke karatun abin da mu sai a Funtuwa muka fara ganinsa.

Maganar hoto gajeriya ce. Ka tambaya tukuna. Kada ka ɗauki matan mutane, kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro, ko barikin soja, ko kusa da filin jirgin sama da ke hanyar Daura. Ka ba rana baya, ka sa yaron mota ya tsaya a gefen abin don a gane girmansa. In dattijo ya ba ka lokacinsa, ka sayi goro ko rake a wurin ka miƙa masa da hannu biyu, ba a matsayin biya ba.

Sannan ka rubuta kafin ka tayar da mota, ba sai ka isa gida ba. Rana da wata, tsakanin wane gari da wane gari, hannun dama ko hagu in ka fito daga Katsina, abin da ka gani, da abin da aka gaya maka, kowanne a layinsa, don kada gobe ka cakuɗa ganinka da jinka. Waya kan lalace ko a sace ta, littafina kuwa na uku nake ciki yanzu. A na farkon ne na kwafe lambar taragon nan, da zanen ƙofarsa, da maganar dattijon yadda ya faɗe ta.

Bara bayan sallar layya na bi hanyar da ƙaramin ɗana, na yi masa alkawarin zan nuna masa. Na sa sigina tun daga nesa, na tsaya gaban mai raken, wanda yanzu ɗansa ne ke zama a wurin. Bedin na nan. Na tambayi dattijo, aka ce Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce, muka yi masa addu'a. Taragon kuma magadan mai gonar sun sayar wa 'yan gwangwan, sun zo da tukunyar gas suka yanka shi cikin kwana biyu. Na buɗe littafin na nuna wa yaron zanen, sannan na riƙe hannunsa muka taka daga dutse na farko zuwa na ƙarshe yana ƙirga taku, don ya san tsawonsa.